Man Zuma a Bakin Ɗiyar Inna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta Ya saukar da sauƙinta.

Jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami da tsufana. Ta zo hutu daga makaranta da wata farar robar man shafawa, tana murzawa a hannu tana yi mini kuri, wai wannan ba irin namu na da ba ne, akwai gilisarin a ciki, shi ke riƙe wa fata ruwa. Ina jin sunan nan gabana ya yanke ya faɗi, har ludayin da ke hannuna ya suɓuce. Ta yi ta dariya tana cewa, "Kaka, mai ne fa, ba maciji ba!" Na ce ta nemi wuri ta zauna. Abin da na gaya mata ranar shi za ni rubuta a nan, don masu renon yara su ji.

Ni 'yar garin Isa ce, ubana malamin allo ne. Aure ya kai ni wata ruga kusa da Kamarawa, gidan masu shanu da ɗan noma. Haihuwata ta fari mace ce. To, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidan mijina ta fi ta kowa tsanani. Ba ka kiran sunanta, ba ka ɗaukarta gaban mutane, in ta faɗi tana kuka sai ka kau da kai kamar ba ka gani ba. Ranar da anka yaye ta, uwar mijina, wadda duk muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Daga nan ci da sha da wanka da kwana duk suna hannun Inna. Ni in dole ta kama in ambace ta, sai in ce "ɗiyar Inna". Abin da ya rage tsakanina da ita wanki ne kawai, don ni ke wanke zanen goyonta da 'yan tsummokaranta.

Sai fari ya zo, wancan na farkon shekarun tamanin. Damina ta yi mana alama ta janye, gero ya bushe yana tsaye bai kai gwiwa ba. Shanu sunka riƙa durƙushewa a bakin rijiya. Maigidana ya kora waɗanda sunka rage ya yi kudu da su, ya bar mu da akuya guda da rumbun da ake jin ƙasansa in an sa hannu.

Wanda bai zauna gidan masu shanu ba ba zai gane mene ne rashin man shanu ba. A wurinmu shi ne miya, shi ne magani, shi ne man shafawa. Kuma Inna tana da yadda take yi, yadda uwarta ta yi mata: in ta gama yi wa yaro wanka ta shafe shi da mai tun daga kai har tafin ƙafa, sai ta lakato ɗan kaɗan da yatsa ta sa masa a baki. Takan ce, "Abin da fata ta ci, ciki ma ya san da shi." Duk yaran gidan haka anka rene su. Da nonon shanu ya ƙafe, ƙwaryar mai ta koma wurin ajiye allura. Ga zafi, ga ruwan wanka sai an yi dabara, fatar yarinyar ta yi furu-furu, dugaduganta sunka tsage har da jini. Inna ta kan riƙe ƙafar tana dubawa tana tsaki.

Wata ranar kasuwar Bafarawa Inna ta dawo da 'yar kwalba a ƙulle a bakin zane, fuskarta fal murna. Wani baƙon ɗan kasuwa ne ya zo da jarka, yana tsiyaya wa mata a kwalaben da sunka zo da su. Ya ce sunan man gilisarin, irin wanda matan birni ke shafawa, kuma ya fi na kanti araha nesa ba kusa ba. Fari ne kamar ruwa, yana da danƙo. Inna ta shafa wa yarinyar, kuma gaskiya dai gaskiya ce, faso ya fara rufewa. Matan rugarmu kowa ta sayo. Wata ta ɗanɗana ta ji zaƙi, shi ke nan anka raɗa masa suna man zuma.

Makon farko abin ya fara da amai da zawo. Daga nesa nake hango yarinyar tana tafiya tana tangaɗi, ta yi taku kaɗan ta zauna daɓas, barci kuma ba dare ba rana. Masu ba da shawara sunka cika ɗakin Inna. Wannan ta ce haƙori ne na turame, waccan ta ce zafin rana ne a jiƙa mata sabara, wata tsohuwa ta rantse iska ce ta gindin tsamiyar da ke hanyar rijiya. Na aika gida, ubana ya aiko da rubutu. Duk an yi, duk an ba ta, tana sha tana dawo da shi. Ni kuwa ina bakin murhu ina hura wutar da ba ta mutu ba, don dai in sami abin yi da fuskata.

Mako na biyu Inna ta goya ta zuwa ɗakin shan magani, na bi su a baya da sunan rakiya. Wayyo, layin nan! Mata zaune cikin rana tun daga bakin ƙofa har gindin katanga, kowace da yaro a cinya, wuya kamar zare. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Malamin asibitin ya gaji har idonsa ya yi ja, ban ga laifinsa ba. Ya ɗaga fatar idonta, ya latsa cikinta, ya ce yunwa ce da zawo kamar sauran, ya koya wa Inna haɗa ruwan gishiri da sukari. Sukari a wannan shekara! Munka dawo da ƙafa.

Cikin kwanakin nan fuskarta ta fara cika, ƙafafu sunka yi luhu-luhu. Har barka anka yi wa Inna, wai yarinya ta fara mayar da jiki. Amai ma ya ragu. Ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya, kuma wurin wanki na gano dalili. Na ɗauko zanen goyon na kai hanci, ba zarni. Na ɗauko tsumman shimfiɗarta, a bushe ƙayau. Na tuna jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. Yarinyar da Inna ke yi wa tsiya kullum safiya saboda jiƙa tabarma! Na je na tsuguna bakin ƙofar Inna, na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na ce, "Inna, kayan ɗiyarki ba su buƙatar wanki kwanan nan."

Ta ce, "To ba sai ki gode Allah ba? Ruwan da babu."

Na ce, "Inna, ba ta fitsari."

Ta dube ni sama da ƙasa. Tunda nake a gidan ban taɓa yi mata maganar yarinyar ba. Ta ce, "Mi ta sha da za ta yi shi? Tashi ki ba ni wuri, marar kunya."

Na tashi. Amma ban koma ɗaki ba, mayafina na ɗauka na kama hanyar Isa, na faɗa shagon yayana Mamman, tela ne a bakin kasuwa. Ya ga ƙafafuna ya tsayar da keken. Ina gama magana ya ce, "Gobe da safe Sakkwato. In tsohuwar ta ƙi, ni za ni ɗauko ta da hannuna." Inna ba ta ƙi ba, don kafin mu iso rugar yarinyar ta fara daina gane mutane. Anka sayar da akuyar a wulaƙance, ta fi ƙashi yawa. Na cire 'yan kunnena na aure na ba Yaya. Inna kuwa ta kwance ƙorenta na ado, waɗanda ta zo da su gidan tun tana amarya, ta ce a kai kasuwa. Munka hau bayan babbar mota ta Sabon Birni, muna zaune kan buhuna, Inna ta lulluɓe ta da zane tana yi mata waƙa da Fulatanci.

A babban asibiti anka ba mu gado bayan mun yini a baranda. Likitan wani siriri ne mai sanƙo, Hausarsa ta mutanen gabas. Ya tambaya, "Wace ce uwar?" Na sunkuyar da kai. Yaya ya nuna ni.

"Yaya sunanta?"

Na dubi Yaya, shi ne ya faɗa.

"Me take ci? Me take sha? Yaushe rabonta da fitsari?"

Na ƙarshen kaɗai na iya amsawa. Wata nas mai ƙiba da ke tsaye ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke wace irin uwa ce, ba ki san abin da 'yarki ke ci ba?" Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafin maganar nan a ƙirjina. Inna ta karɓe, ta lissafa kunu da rubutu da jiƙon sabara. Likita ya girgiza kai ya ce, "Ƙodarta ta rufe. Yunwa kaɗai ba ta cika yin haka ba. Akwai abin da ya shiga cikinta, ku tuna." Munka yi ta tunani, ba mu tuna komai ba.

Washegari da hantsi Inna ta goge mata jiki da jiƙaƙƙen tsumma, ta kwance bakin zane ta fito da kwalbar man zuma. Ta shafe ta tsaf, hannu da ƙafa da bayan kunne. Likita yana gado na kusa da namu yana duba wani yaro. Sai Inna ta lakato da yatsa, ta buɗe bakin yarinyar. Ban san lokacin da mutumin nan ya tsallako ba, sai gani na yi ya riƙe wuyan hannun tsohuwa.

"Mama, mene ne wannan?"

Inna ta fizge hannunta, ranta a ɓace. "Mai ne. Haka muke yi tun kakanni."

"Kullum kike sa mata a baki?"

"Kullum. Da ta ƙi abinci ma shi ɗai take karɓa. Cikin ruwa nake ɗiga mata, safe da marece. Sun ce a ba ta sukari, ina ni ga sukari? Wanga ya fi shi zaƙi." Da alfahari ta faɗa, irin na wadda ta yi dabara cikin wahala.

Ya karɓi kwalbar ya karkata ta, ya mayar, ya sake karkatawa yana kallon yadda ruwan ke gudu. Ya aika anka kawo wata kwalba daga ɗakin magani, ya haɗa su gaban idonmu. Tasu tana motsi a hankali, da nauyi. Tamu tana zubowa da sauri. Ya ce shi ba shi da abin auna ta a nan, amma ya taɓa ganin irin haka. Gilisarin na gaskiya ba ya rufe ƙoda, har cikin maganin tari ana sa shi, kuma in an sirka shi da ruwa an shafa a jiƙaƙƙiyar fata yana da amfani ƙwarai. Amma akwai wani ruwa da ake aikin injuna da shi, fari ne, yana da zaƙi, ya fi araha, marasa tsoron Allah suna haɗa shi da gilisarin ko su sayar da shi a madadinsa. Ya ce, "Da a fata ya tsaya, da wataƙila ba ku zo nan ba. A ciki guba ne."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na dubi Inna. Yatsan nata yana nan a miƙe, man yana ƙyalli a kansa, ta ƙura masa ido. Can ta ce, a hankali, "Safe da marece." Ta sake cewa, "Safe da marece, da hannuna." Ta miƙe ta fita daga ɗakin, ko takalmi ba ta sa ba.

Likita ya ce wa Yaya ya koma gida a ranar, ya bi gida-gida ya karɓe kwalaben nan. Ni kuma ya ce mini, "Babu allurar da za ta buɗe ƙoda. Za mu taimaka mata da abin da muke da shi, amma fitsari muke jira. In ya zo, ta tsira." Sannan ya kafa doka: kada a ba ta ruwa sai ɗan abin da nas ta auna, don wanda ke jikinta ba shi da hanyar fita.

Wannan doka ta fi komai ci mini rai. Mu da munka baro garin da ake kwana a bakin rijiya, ga famfo a ƙofar ɗaki yana zuba har yana malala, ga ɗiya tana miƙa hannu tana cewa "ruwa", ni kuma in hana ta. Kuma ni ɗin ce dole, don Inna ta ƙi shigowa. Ta yi zamanta gindin wani dogon yaro a harabar asibitin, ta naɗe hannuwa cikin zane. Na je na durƙusa na ce, "Inna, tana kiranki." Ta ce, "Hannun nan ba ya ƙara taɓa ta. Tahi ki riƙe ɗiyarki." Ɗiyarki. Ranar ta fara faɗin haka.

Haka na ɗauke ta gaban mutane, karo na farko tun yaye. Ba ta san cinyata ba. Tana ture ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata tana kiran Inna, ni ina rarrashi ba suna, "yi shiru, ke, yi shiru". Nas ɗin nan mai ƙiba, wadda na tsana ranar farko, ita ta koya mini jiƙa auduga in goga mata a leɓe. Da ta fahimci al'adarmu ta zo ta ce in yafe mata. Har kunu take kai wa Inna gindin itace, tsohuwa ta karɓa ta ajiye, ƙudaje su sha.

Mako na uku ya shiga, ba labari. Numfashinta ya koma sama-sama, gefen bakinta na hagu ya saki, in ta yi kuka sai fuskar ta karkace. Kowace safiya likita ya ɗaga zanen da ke ƙarƙashinta ya taɓa, ya sauke, ya wuce bai dube ni ba. Sai ga Yaya ya dawo, tun daga yadda ya cire hula na san ba alheri. Ɗan maƙwabciyarmu Hurera, sa'an yarinyar, an binne shi tun muna hanya. Shi ma ya kumbura, shi ma an ce yunwa ce. Uwarsa a kunu take zuba masa. Mai jarka kuwa ba wanda ya ƙara ganinsa a kasuwa, ba wanda ya san sunansa ko garinsu. Na roƙi Yaya kada ya gaya wa Inna, don ita ta fara kai man nan rugar. Ashe tana bayansa ta ji komai.

Ban yafe wa mutumin nan ba, kuma ba na jin za ni yafe. Ya dubi mata masu yunwa ya tsiyaya musu guba a kwalba saboda riba. Da can kuma ina jin haushin duk waɗanda sunka ga yarinya tana kumbura sunka yi barka, amma na daina, don wanda ya ga yara suna ramewa wata da watanni dole ya yi murna da kumatu. Likitan nan da nas ɗin, in suna raye Allah Ya saka musu, in sun riga mu Ya haskaka makwancinsu. Ku kuma masu karatu, ba na ce ku bar shafa mai ba. Jikata ma na bar ta da robarta. Amma abin da anka tsiyayo daga jarka ba suna ba hatimi, ku bar shi inda kunka gan shi. Man shafawa na yanzu ba man shanu ba ne, kada ya kusanci bakin yaro ko da zaƙinsa ya kai na zuma.

Wata la'asar ina zaune bakin gado da ita a cinya, na gaji har ba na iya addu'a sai dai motsa baki. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Na ɗauka zufa ce. Ɗumin ya ci gaba, ya gangara ƙwaurina, na ga yana ɗiga a siminti. Na kai hannu, na kai hanci. Zarni! Ban san na buɗe baki ba, sai jin muryata na yi ta cika ɗakin: "Habsatu! Habsatu ta yi fitsari! Jama'a, Habsatu!" Nas ta taho da gudu da kwano tana faɗin kada in bari ya zube duka za a auna, matan ɗakin sunka kama guɗa, ni ina kuka ina dariya cikin jiƙaƙƙen zane.

Da na zo nan a labarin, jikata ta ajiye robar man ta ce, "Kaka, Mama ce? Shi ya sa bakinta yake ɗan karkacewa in ta yi dariya?" Na ce ita ce. Ta ce, "Shi ya sa duk garin nan ke kaɗai ke kiran 'yar fari da sunanta gatsau?" Na ce wannan kuma ba ni na ba kaina izini ba.

Don ranar, guɗar ba ta lafa ba na ɗaga kai na ga Inna tsaye bakin ƙofa, ta rame, ƙafa ba takalmi. Tun daga gindin itace ta jiyo ni. Sai a lokacin na tuna abin da bakina ya faɗa, gaban uwar mijina, gaban yayana, gaban baƙi. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ta tako a hankali har bakin gadon, hannuwanta na naɗe cikin zane. Ta dubi simintin, ta dubi zanena, ta dubi yarinyar da ke ta waige-waige tana neman wanda ya kira ta.

Ta ce, "Ƙara kiran ta. Ba ta san shi da muryarki ba."